Kifin da Muka Raɗa wa Suna Sau Uku a Dadin Kowa

Aikin da aka ba yarinyar bai yi kama da mai wuya ba. Ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe, ni kuma aka ɗora mini duba aikinta na kammala karatu. Za ta riƙa zuwa bakin ruwa a Dadin Kowa, inda masunta ke sauke kamu, ta rubuta irin kifayen da ake fitowa da su, ta ƙirga, ta auna, musamman ƙananan nan da ake tarawa a kwano a sayar a dunƙule. Tambayar guda ɗaya ce: 'ya'yan wane kifi ne suka fi halaka a raga mai ƙananan idanu tun ba su girma ba?

Madatsar Dadin Kowa tana kan kogin Gongola, a ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba, ƙasa da kilomita 40 gabas da garin Gombe, an gina ta a shekarun 1980. Gongola ya taso ne daga tsaunukan Jos, ya ratsa Bauchi ya nufi arewa maso gabas, a wajen Nafada ya karya kudu, ya wuce Dadin Kowa da madatsar Kiri, ya faɗa Binuwai a Numan. Wannan hanya da ruwan ya bi za ta yi mana amfani can gaba.

Manyan kifaye ba su ba ta wahala ba. Karfasa, tarwaɗa, ƙurungu, kawara, tsage, jefi-jefi giwan ruwa, duk masunta sun san su, littafi ma ya san su. Matsalar ta taso ne daga wani ɗan mitsitsin kifi da yara ke kwasowa a gefen ciyawa da tsohon gidan sauro, a lokacin kaka da ruwa ya fara ja da baya. Ta tambayi dattijon da ke taimaka mata a bakin ruwa, wani tsohon masunci da ya fi shekara talatin yana su a wurin. Ya ɗan leƙa kwanon, ya ce ɗan tufi ne, ya ci gaba da ɗinkin ragarsa. Ita kuma ta rubuta 'ya'yan tufi.

Yadda lissafin ya ƙi zama

Da ta kawo mini teburin ƙididdigarta bayan wasu makonni, abu biyu suka tsaya mini a rai. Babban tufi bai cika fitowa a kamun ba, wani zuwan ma ko ɗaya ba ta gani, amma 'ya'yansa sun cika shafi. Na biyu ya fi damuna. Tsawon da ta auna a zuwan farko shi ne tsawon da ta auna a zuwan ƙarshe, wajen santimita 3, wasu ƙasa da haka kaɗan. Ɗan kifin da zai zama tufi mai tsawon kamu biyu ba ya zama wuri ɗaya mako da makonni a ruwa mai ɗumi da abinci. Ko dai kullum sababbi ake ƙyanƙyasa ana kamawa daidai wannan girman, wanda hankali bai ɗauka ba, ko kuwa wannan shi ne iyakar girmansa.

Na ce ta kawo mini kwalbar da ta adana kifin a ciki.

Duk wanda ya ga kifin zai yi wa dattijon uzuri. Jikinsa mulmulalle ne daga gaba, ya ɗan matse wajen wutsiya. Kan yana da faɗi, a ɗan danne daga sama, idanun suna can sama-sama, bakin ya kalli sama kaɗan, leɓen ƙasa ya ɗan wuce na sama. Launinsa ƙasa-ƙasa ne mai dabbare-dabbare masu duhu, wutsiyar a zagaye kamar ƙaramin mafici. In ka dube shi daga tsaye, a cikin kwano, cikin laka da ganye, tufi ne sak aka rage masa girma. Amma kama da wane ba ta wane.

Na ɗora ɗaya a kan farantin gilashi, na sa allura na ɗaga ƙegen gadon bayansa, wato fiffiken da kifi ke da shi a baya. Tufi ƙege ɗaya gare shi a baya, dogo, tun daga bayan kai har kusa da wutsiya, mai tsinke 40 ko fiye, dukansu masu laushi, babu ƙaya ko ɗaya. Wannan kuwa biyu gare shi, da 'yar tazara a tsakani. Na gaba gajere ne, na ƙirga masa ƙaya 6 sirara. Na baya ƙaya ɗaya ce a gaba, saura masu laushi. Sai na nemi layin nan da ke bin gefen jikin kifi daga kunne zuwa wutsiya kamar ɗinki, wanda kifi ke jin motsin ruwa da shi. Tufi yana da shi. Karfasa ma tana da shi, nata a katse biyu. Wannan ba shi da shi sam. A madadinsa, da na ƙara ƙarfin madubin ƙara girman abu, sai ga layuka na 'yan ƙananan ƙuraje a kumatunsa da kewayen ido, wasu a tsaye wasu a kwance, kamar tsagar gado a fuskar mutum. Da su yake jin motsi, kuma masana suna karanta tsarin layukan don bambance nau'i da nau'i, kusan yadda dattawa ke duban tsaga su faɗi asalin baƙo.

Ƙege biyu a baya, ƙaya shida a na farko, babu layin gefe, ga tsaga a kumatu. Wannan ya fitar da shi daga gidan tufi gaba ɗaya, ya kai shi cikin kifayen da ake kira gobi. Har nan daidai nake.

Kuskurena

Gobi babban rukuni ne, nau'insu ya haura 2,000, yawanci a teku da bakin gaɓa inda ruwan gishiri ke haɗuwa da na daɗi, kaɗan ne suka koma ruwan daɗi zalla. Yawancinsu a ƙasan ruwa suke kwanciya, da yawa ba su da jakar iskar da ke riƙe kifi a tsakiyar ruwa. Abin da aka fi sanin gobi na ainihi da shi yana ƙarƙashin ƙirji: ƙege biyu na ciki sun haɗe sun zama ɗan ƙoƙo ɗaya, da shi yake mannewa a jikin dutse yadda ƙahon wanzami ke kama fata. Wasu danginsu a ƙoramun tsaunukan Kamaru da tsibirin Biyoko har hawa dutsen da ruwa ke zubowa suke yi da wannan ƙoƙo.

Na kifar da kifin na duba cikinsa. Ƙegen biyu suna manne da juna, sun yi tsini ɗaya. Nan take na ce gobi ne na ainihi, dangin Gobiidae. Kuma da yake na san akwai wani ɗan ƙarami a Afirka ta Yamma, Nematogobius maindroni, wanda aka bayyana a 1880, mai yaɗuwa daga Senegal zuwa Angola kuma yana shiga koguna can ciki nesa da teku, sai na ɗora masa wannan suna. Har na fara jin daɗi a raina, ina tunanin yadda za a ce ga shi an same shi a Gongola.

Ɗalibar ta buɗe bayanin kifin a wayarta, ta karanta, ta ɗago a hankali.

“Malam, an ce wancan yana da ɗan gashin baki a haɓa. Namu ban gani ba.”

“Ƙila ya guntule a raga,” na ce mata. “Abu ne ɗan siriri.”

“Duka, Malam?”

Ban amsa ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma wanda ya fi shi shaƙe wuya shi ne sanin da mutum ya riga ya ƙwallafa rai a kansa. Na riga na zaɓi suna, don haka duk abin da ya saɓa masa sai na nemo masa dalili. Mako guda cur sunan nan yana kan kwalbar da rubutun hannuna.

Abin da ban lura da shi ba yana cikin yadda aka adana kifin. Ƙa'idar ita ce a sa shi a fomalin, ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa, mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari na wasu kwanaki, a wanke, a mayar da shi etanol mai kashi 70. Amma kafin ya sandare ana buɗe masa ƙege da allura, domin fomalin yana ƙamar da nama a yadda ya same shi. Ita ba ta buɗe ba, don ban gaya mata ba. Kifin ya mutu da ƙegen cikinsa a kwance, kusa da juna, yauƙin jikinsa ya daskare ya liƙe su. Abin da na kira ƙoƙo, yauƙi ne da fomalin.

Mai rai ne ya warware

Ita ce ta ce mu samo masu rai. Ranar Asabar muka tafi tare da sassafe. Dattijon ya nuna wa yaran wani lungu inda wani ɗan rafi ke shiga tafkin, ruwa iya ƙwauri, ƙasa yashi da ruɓaɓɓen ganye da saiwoyin ciyawa. Ya ce nan suke, kada a ɓata lokaci a fili. Gaskiyarsa. Jan gidan sauro biyu aka yi, muka samu 'yan kaɗan a bokiti.

Muka zuba su a babbar kwalbar gilashi da ruwan wurin. Suka nutse ƙasa suka kwanta shiru, kamar an zana su. Can sai ɗaya ya yi tsalle ɗan taƙi, ya sake lafewa. Babu wanda ya manne a jikin gilashin. Na karkata kwalbar, sai suka zamo gaba ɗaya zuwa inda ta karkata. Ɗalibar ta ɗaga kwalbar sama da kanta, ta sa waya daga ƙasa ta ɗauki hoto, ta buɗe shi da yatsu biyu ta miƙo mini. Ƙege biyu ne, kowanne da gindinsa, kusa da juna amma babu fatar da ta haɗa su, a buɗe kamar wanda ya dogara da gwiwar hannu biyu a kan tabarma. Gani ya kori ji.

Da muka koma, na ɗauki ɗaya daga tsofaffin, na jiƙa shi, na zura bakin allura tsakanin ƙegen. Suka rabu ba tare da komai ya yage ba. Sai na yi abin da ya kamata in yi tun farko: na ɗaga fatar ƙarƙashin maƙogwaro na ƙirga 'yan ƙasusuwan da ke riƙe da ita, sirara kamar tsinken laima. Gobi na ainihi 5 gare shi a kowane gefe. Wannan 6. Ƙege a rabe da ƙashi shida alamar ɗaya ɓangaren ce, waɗanda Turawa ke kira masu barci saboda irin wannan kwanciya tasu. Akwai ma wani gida a cikinsu da sunansa na Latin, Dormitator, ke nufin mai barci.

Saura a san wane gida ne. Masu barcin Afirka ta Yamma ba su da yawa. 'Yan gidan Eleotris suna da wata ƙaya ɓoyayya a kumatu, a ƙarƙashin fata, mai kallon ƙasa, wadda allura ke karo da ita in ka shafa. Na shafa, babu. Su kuma ɓawon jikinsu ƙanana ne masu yawa, namu kuwa manya ne in aka dubi girmansa, wajen 30 a jere daga kunne zuwa gindin wutsiya. Dormitator lebretonis jikinsa ya fi tudu da matsewa, kuma shi da Eleotris mazaunan bakin teku ne da ƙarshen koguna. Abin da ya rage gida ɗaya ne, na wadanni masu zama a ruwan daɗi tun daga ƙwai har mutuwa: Kribia.

Amma har yanzu ba mu rufe bakin mai cewa jariri ne ba. Na zaɓi ɗaya mai ɗan tumbi, na tsaga cikin da reza a ƙarƙashin madubi. Jaka biyu suka fito, rawaya, cike da ƙwai, sun mamaye kusan duk cikin. Kifin da bai kai gaɓa biyu na ɗan yatsana ba, uwa ce. Kribia nana ba ta wuce wajen santimita 4 komai daɗewarta a duniya.

Inda yake a rajistar masana

Sunan kimiyya biyu ne a haɗe, sunan gida da sunan yanka, tsarin da Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin ya kafa wa dabbobi a 1758, kuma Gobius na cikin gidajen da ya raɗa wa suna tun a lokacin. Namu kuwa George Albert Boulenger ne, ɗan asalin Beljiyam da ya yi aiki a gidan tarihin halittu na Landan, ya bayyana shi a 1901 daga kogin Nil, ya kira shi Eleotris nanus. A 1907 ya sake bayyana ɗan'uwansa daga kogin Kribi a kudancin Kamaru, Eleotris kribensis. Sai a 1946 wani Ba'amurke, Albert Herre, ya ga waɗannan wadannin ba su dace da gidan Eleotris ba, ya gina musu nasu ya sa masa sunan wancan kogi. Shi ya sa ake rubuta Kribia nana (Boulenger, 1901) da sunan mai raɗin a cikin baka, alamar cewa an sauya wa kifin gida bayan raɗin suna. Nanus a Latin wada ne, da aka koma gida mai sunan mace sai ya zama nana. Ɗalibar ta yi dariya har da riƙe baki, ta ce ashe takwarar kakarta ce.

Herre ɗin nan dama yana da hannu a kan ƙananan kifi. Shi ne a 1927 ya bayyana Pandaka pygmaea na ƙasar Filifin, gobin da tsawonsa wajen santimita ɗaya ne.

Sama da gida akwai dangi, kuma nan ne littattafanmu suka saɓa. Tsofaffin da ke ɗakin karatunmu sun sa Kribia a dangin Eleotridae, suka zuba duk gobi a cikin babban rukunin Perciformes, wanda a da ya zama kamar rumbun da ake jefa duk kifi mai ƙaya a baya. Binciken ƙwayoyin gado ya rusa wannan rumbu. A 2009 wata masaniyar kifi, Christine Thacker, ta fitar da sabon tsari inda ta raba masu barci biyu, Eleotridae da Butidae, kuma Kribia ta faɗa Butidae. Masu ƙoƙo ma biyu ne yanzu: Gobiidae, da wani dangin da ya haɗa Awaous na koguna da kifin nan mai tsalle a kan laka a dazukan bakin teku na Neja Delta, Periophthalmus barbarus. Dukansu kuma sun samu rukuninsu na kansu, Gobiiformes. Na ce mata ta bi sabon tsari, amma ta ambaci tsohon a layi ɗaya, don wanda zai duba aikinta daga waje yana iya zama ɗan tsohon littafi, ya ɗauka kuskure ta yi.

Abin da ya fi ba ni mamaki a dangin Butidae shi ne wanda ke cikinsa. Oxyeleotris marmorata na kudu maso gabashin Asiya, mai kaiwa sama da santimita 60, kifi mai tsada da ake kiwo ana kaiwa manyan gidajen abinci, ɗan'uwan wannan abin ne da yara ke zubarwa kaji su tsattsage.

Zamansa a Gongola kuma ba baƙon abu ba ne in aka bi ruwa. An san Kribia nana a Nil, da yankin Tafkin Chadi, da Neja, da Kongo. Gongola reshen Binuwai ne, Binuwai reshen Neja. Can sama kuma Mayo Kebbi, wani reshen Binuwai, yana samun ambaliyar kogin Logone ta fadamun Tuburi a shekarar da ruwa ya yi yawa, wato ruwan Chadi na tsallakowa cikin na Neja. Irin wannan cuɗanya ta dā da ta yanzu ce ta sa giwan ruwa da minjirya da talibambam da muke gani nan ake ganinsu har Nil. Kifin da sai 'ya'yansa sun gangara teku sun dawo, kamar yadda 'yan gidan Awaous ke yi, shi ne zai sha wuyar isowa nan, ga nisa, ga Kiri, ga Dadin Kowa a tare da hanya. Kribia ba ta da wannan larura.

Abin da ya canja a aikin

Da an bar teburin yadda yake, da babin ƙarshe ya ce gidan sauro yana karkashe 'ya'yan tufi fiye da na kowane kifi, kuma tufi na hayayyafa sosai a gefen tafkin. Duka biyun ƙarya ne, kuma da wani ya kwafa ya ɗora nasa a kai. Ta koma kwalabenta ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga ƙegen bayan kowane kifi da allura, aikin da ya ci mata kwana uku. Ɗan tufi na gaskiya bai fito ko ɗaya ba. Da aka cire baƙon daga layin jarirai, 'ya'yan karfasa ne suka hau sama, kuma su ne asarar da ta shafi masunta kai tsaye. Sai ta ƙara wani shafi da ba mu shirya ba tun farko, na kifayen da ƙanƙanta ce halittarsu, ta raba su da waɗanda aka kama tun ba su girma ba. Na kuma sa a gyara takardar da muke ba ɗalibai kafin su fita: a buɗe ƙege kafin a zuba fomalin, a ɗauki hoton kifi da ransa ta sama, ta gefe da ta ƙasa.

A kan kwalbar mun rubuta Kribia cf. nana. Wannan cf. daga Latin take, ma'anarta a kwatanta, kuma haka ƙa'ida ta tanada ga kifin da siffarsa da mazauninsa suka dace da wani nau'i amma ba a ajiye shi gefe da gefe da na gidan tarihi ba tukuna. Na kankare tsohon rubutuna da reza, amma inda ya zauna yana nan ana gani.

Zuwanta na ƙarshe na raka ta, muka nuna wa dattijon hoton ƙwan a waya. Ya karɓa ya nisanta ta daga idonsa, ya daɗe yana kallo.

“Wannan duk a cikin ɗan abin nan, Malam?”

“A cikinsa, Baba.”

Ya yi shiru, sannan ya ce dama 'ya'yan tufi a garke suke tafiya, babba na biye da su yana gadi, shi kuwa wannan bai taɓa ganinsa da kowa ba, kullum shi kaɗai a ƙarƙashin ganye. Na ce to me ya sa ya ce ɗan tufi ne?

“Yarinya ta tambaye ni ina tsakiyar ɗinki. Abin da ɗarinsa ba ta cika ludayi ba, wa ya taɓa zama ya yanka masa rago?”

Ya miƙo wayar, ya juya wajenta.

“'Yata, me kika ce sunansa a boko?”

“Nana, Baba.”

Ya ƙwala wa yaran da ke cikin ruwa kira, ya ce in sun ga Nana a gidan sauron su mayar da ita, tana da ciki.